Yadda muka dasa tsakar gidanmu a Damagaram ba tare da ta cinye ruwan gida ba

Gidan da wana ya gina a bakin gari, ta hanyar Mirya, babba ne: ga ɓangaren Hajiya mahaifiyarmu, ga nasa da iyalinsa, ga ɗakunan baƙi, sannan ga fili fetal tsakanin gini da katanga wanda ya fi ginin kansa faɗi. Shi yana aiki a Yamai, sai hutu yake zuwa. Ni ke Damagaram, saboda haka da aka gama fenti aka tare, aikin filin ya dawo hannuna. Buƙatarsa uku ce: inuwa, kore, kuma kada a yi abin da zai sa a ɗauki mai ban ruwa na wata-wata. Ya haɗo mini da hotunan wani otel, ciyawa shimfiɗe kore shar, mangwaro jere a gefe.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san maganar ruwa ba ta wasa ba ce. Damagaram a kan dutse take, shi ya sa rijiya a cikin gari ba ta cika faɗa wa ruwa ba, kuma ruwan famfon da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Ko a 1926 da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambata. Ruwan sama kuwa wajen milimita 400 ne a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, daga nan sai wata takwas ko tara ba ɗigo. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, 'yan garuwa su yi tsada.

Na kira shi na yi masa lissafi. Na ce, “Yaya, ciyawar da ka turo, a bazara kowane murabba'in mita yana shan lita 7 ko 8 kullum. In muka shimfiɗa ta a mita 10 faɗi 10 tsawo kawai, tano huɗu ne mai lita 200 kowace rana ta Allah. Ranar da famfo ya ɗauke, wa za a ba, Hajiya ko ciyawa?” Ya yi shiru, sannan ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma lallai ya zo ya tarar da wurin zama. A nan muka rufe zancen ciyawa. Ni a ganina shimfiɗa ta a gidan Damagaram cin haƙƙin maƙwabta ne, domin ruwan da ta sha a watan Mayu daga bidon wata mata da ke layi a bakin famfo aka rage shi.

Daminar farko ban dasa komai ba. Duk sa'ad da aka yi ruwa mai ƙarfi sai in fito da laima in bi in ga inda yake zuba daga kwano, inda yake gudu, inda yake kwanciya, da inda yake fita ta rariya zuwa titi. Nakan kafa tsinke in yi alama. Abin da na gani ya ba ni haushi: ruwan da ya sauka a gidan nan kusan duka titi yake tafiya, ya je ya ƙara wa kududdufin unguwa. Magini ya so ya yi wa filin daɓen siminti gaba ɗaya ya karkata shi zuwa rariya, ya ce haka ake yi, tsabta. Ya kuma so ya kira masu fasa dutse su kawar da wani falalen dutse da ya fito a kusurwar gabas. Na hana duka biyun. Falalen nan kansa rufi ne na kyauta, duk ruwan da ya sauka a kansa gefe ɗaya yake gangarawa, kuma a gefen nan ne ƙasa ta fi daɗewa da laima.

Lissafin rufi mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Kwanon gidan ya kai murabba'in mita 220, ke nan a shekarar da aka samu milimita 400, lita 88,000 ke zubowa daga indararo. Ba mu da ƙarfin gina abin da zai ɗauke shi duka. Muka haƙa tanki a ƙasa mai cin lita 10,000, aka shafe shi da siminti, aka yi masa murfi mai kulle saboda yara, aka sa raga a bakin tiyon saboda sauro. Ruwan farkon damina ba ma barinsa ya shiga, don shi ke wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye daga kwano. In tankin ya cika, rarar tana bin wata makwarara da muka jera wa duwatsu zuwa gindin itatuwa. Ƙasa ita ce babbar ma'ajiyarmu, tankin don watannin tsanani ne kawai.

Kafin in sayi ko tsiro ɗaya na tafi Mirya, kilomita 18 daga gari, wurin wani dattijo mai garka da mahaifinmu ya sani. Na ɗauko shi ya zo ya ga filin. Bai tambayi me nake son shukawa ba. Ya zaga yana tona ƙasa da sandarsa, ya durƙusa ya damƙi rairayi ya murza, ya je wani wuri ya buga ya ji marmara a ƙasa. Can kusa da katangar kudu ya tsaya a kan wani kututture da leburori suka sassare lokacin gini, wanda ya sake tofowa da rassa kamar guda goma, duk ƙaya.

Ya ce, “Ɗana, ka san wannan?”

Na ce, “Baba, ƙaya ce, na ce a tone ta.”

Ya ce, “Gawo ne. Saiwarsa ta riga ta kai inda kai da bokitinka ba za ku kai ba. Ka bar masa biyu masu ƙarfi, ka sare sauran.”

Ya karɓi adda ya nuna mini. Ya zaɓi reshe biyu da suka fi miƙewa, ya datse sauran daga gindi da sara ɗaya-ɗaya daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, ya sassaɓe ƙananan rassan da ke jikin biyun har rabin tsawonsu, ya ɗaure su da tsumma a jikin sanda. Wannan shi ne sassaben zamani da manoman Mirya da Magariya da Matamai suka mayar da gawo gonakinsu da shi. Yana aiki yana ba ni labarin da kowane dattijo a ƙasar nan yake bayarwa, cewa a zamanin Sarki Tanimun wanda ya sare gawo a Damagaram da ransa yake wasa. Gawon nan ban taɓa ba shi ruwa ba, kuma ya wuce duk abin da na saya da kuɗi. Halinsa ma ya dace da gida: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma, lokacin da ake neman inuwa ido rufe, yake cika. Muka sami wata aduwa da wata magarya a irin wannan hali, su ma muka bar su.

Daga nan muka raba filin bisa ga ruwa. Inda ruwa ke zuwa kullum ko da famfo ya yi rowa shi ne wurin alwala, da wurin wanke-wanke, da bayan ɗakin wanka. A can muka ajiye masu ƙishirwa, kuma ba su da yawa: lemun tsami biyu, gwaiba ɗaya, da ciyawar shayi. Ruwan alwala shi ne mafi kyau, babu sabulu, kuma sau biyar yake zuwa a rana. Muka yi wa wurin ɗan daɓe mai gangara, tiyo ya ɗauki ruwan ta ƙarƙashin ƙasa ya kai wani rami da muka cika da tsakuwa tsakanin lemukan biyu, muka rufe da rairayi. Babu ruwan da ke kwanciya a sama, babu wari, babu sauro. Ruwan wanki mai omo kuwa ba ya zuwa nan, domin gishirinsa yana taruwa a ƙasa ya ƙone ganyen lemo. Shi muka juya wa bedi, wanda ba ya zaɓe. Kuma ba a zuba ruwan da aka yi amfani da shi a kan ganyen da za a ci ɗanye.

Mangwaro ɗaya tak na dasa, mai aure, don kada in hana Yaya komai. Na sa shi inda rarar tanki take fara sauka.

Sauran filin na masu haƙuri ne. Ta yamma, inda rana take dukan bangon ɗakin Hajiya daga azahar har ɗakin ya ƙi kwantuwa da dare, muka jera bedi uku, amma da tazarar mita 6 daga gini, nesa da masai da tanki, saboda saiwarsa tana tsaga siminti tana neman laima. Ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu take shigowa da ƙura, muka yi shingen lalle. Lalle ba ya son komai in ya kama, ana aske shi ya yi kauri, furensa yana ƙamshi, kuma matan gida sun daina sayen na kasuwa in Salla ko biki ya zo. Zogale muka jera a bayan madafa, muna datse shi daidai ƙugu don ya yi rassa ya bar hannu ya kai. Magaryar da muka tarar Baba ya yi mata aure da irin nan mai manyan 'ya'ya da ake ce wa pom di Sahel, ita ma ba ta neman ruwa tunda gindinta na daji ne.

Tsamiya na so in sa a tsakiya, don babu inuwar da ta kai tata sanyi. Hajiya ta ce atafau ba a gidanta ba. “Kai yaron nan, tsamiya da kuka ba a kwana da su gida ɗaya.” Ban ja da ita ba, ita za ta zauna a wurin, kuma garkar da mai gida take tsoro ba ta da amfani. Tsamiyar muka kai ƙofar gida, inda dattawan unguwa za su samu wurin zama wata rana. Kuka kuwa mun yi sulhu a kanta: muka shuka ta a fangali kusa da juna, ana tsinke kanta kullum ba a barinta ta wuce gwiwa. Ba ta zama itace ba balle a yi zancen iskoki, ga ɗanyen ganyen miya kusan duk shekara. Yanzu Hajiya da kanta take tsinka.

Don ado na sa abu biyu. Bugambil, mai furen nan ja da ruwan hoda, muka ɗora ta a kan rumfar ƙarfe a gaban falo. In aka cika mata ruwa ganye take yi, in aka ja mata rai sai ta yi fure, wato ta dace da mu. Sai kariya, wadda take fure da rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. Ruwan jikinta dafi ne, saboda haka a manyan tukwane muka sa ta a kan ginin da yara da awaki ba sa kaiwa. Gindin falalen dutse muka dasa gamba da alobera. Gamba ta bushe da rani ta yi ruwan zinariya, a yanke ta a yi zana, damina ta sake tofowa.

Ramukan muka haƙa tun bazara, kowane santimita 60 faɗi da zurfi, inda aka ci karo da marmara aka fasa ta da diga har aka wuce, don in ba haka ba saiwa takan nannaɗe a ciki itacen ya tsaya cak. Ƙasar sama muka ware gefe, muka gauraya ta da takin awaki da ya shekara ya ruɓe da ɗan toka, muka mayar. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa yana kuma kiran gara. Kowane rami muka yi masa kunya irin ta rabin wata, bakinta yana kallon inda ruwa ke gangarowa, kamar yadda ake yi a gonakin da ake farfaɗowa, sai dai namu ƙanana ne. Muka bar ruwan farko ya zauna a ramukan ya daidaita ƙasa. Dashen kansa sai da damina ta kankama, a makon 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai wadda tun 1975 ta zama ranar dashen itace a Nijar. Lokacin ne iri yake cika wuraren reno, na ma'aikatan gandun daji da na masu zaman kansu, mutum ya zaɓa ya darje. Baba ya hana ni ɗaukar manya. Ya ce in ɗaga leda in duba ƙasanta: wanda saiwarsa ta huda leda ta shiga ƙasa an riga an tsinke ta, ƙaramin da bai kai haka ba zai wuce shi.

Abin da ya fi kowane rage mana wahala shi ne tulu. Mutanen Mirya sun shahara da ginin tukwane, kuma daga can muka ɗauko tuluna a amalanke, waɗanda ba a shafa musu komai ba, irin masu zufa. A gefen kowane dashe, kamar taƙi ɗaya daga gindi, muka binne tulu har wuya, muka cika shi da ruwa, muka rufe bakin da fasasshen kasko da dutse a kai. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu a hankali, can ƙasa inda saiwa take, rana ba ta gani balle ta sha. In ƙasa ta jiƙe tsattsafin yakan ragu, in ta bushe ya ƙaru. Na taɓa tone gefen wani don in gani: rairayin sama ya yi zafin da ba a iya taka shi, amma tafin hannu ɗaya a ƙasa sanyi ƙalau, ga fararen saiwoyi sirara sun lulluɓe cikin tulun kamar gashi. Da ɗari cikawa ɗaya a mako ta isa, da bazara sau biyu. Yaro ɗan makaranta yana iya yi da bokiti kafin magariba. Na duba tiyon ban ruwa na ɗigo da ake sayarwa, yana da kyau, amma yana son ruwa mai matsi da tacewa, ƙananan hudojinsa suna toshewa, rana kuma tana cinye roba. Tulu in ya fashe, wani ake sayowa ranar kasuwa.

Wurin da muka fi daɗewa muna tattaunawa da matan gida shi ne shara. Al'adarmu a share tsakar gida ƙal, a tara ganye a cinna wuta. Ni kuma ina son ganyen bedi da karan hatsi su zauna a gindin itatuwa su rufe ƙasa, don ƙasar da aka rufe ba ta bushewa da wuri. Hajiya ta kawo maganar kunama da maciji, kuma tana da gaskiya, domin ƙarƙashin tarkace suke so. Muka tsaya a kan haka: wurin zama da hanyoyi da ƙofofin ɗakuna a share kamar kullum, amma abin da aka share a zuba cikin kunyar itatuwa da ke nesa da ɗakuna, ba a ƙona ba. Muna barin tazarar tafin hannu tsakanin karan da jikin itacen. Gara tana zuwa ta cinye karan, kuma wannan ba asara ba ce, domin hanyoyin da take hudawa su ke buɗe ƙasa ruwa ya shige. Wadda take hawa jikin itace ita ake kankarewa a barbaɗa toka. Duk da haka ta kashe lemo ɗaya a bazarar farko, na maye gurbinsa. Gwanda kuwa iska da zafin Afrilu suka gama da ita, ban sake sawa ba.

Ƙasan wurin zama rairayi mai laushi muka zuba, amalanke bayan amalanke, don ana shimfiɗa tabarma a kansa, yara suna wasa, kuma yana hucewa da wuri in rana ta faɗi. Tsakuwa tana riƙe zafi har dare, ita muka bar wa hanyar mota da hanyoyin da ke ƙarƙashin inuwa. Siminti kuwa sai zagayen gini kawai, don ruwa kada ya ci tushe.

Awaki sun kusa zama babbar matsala, domin Hajiya ba ta rabuwa da kiwo, ga ragon layya duk shekara. Akuya ɗaya tana iya gamawa da aikin damina guda kafin a idar da sallar la'asar. Kowane dashe muka zagaye shi da ƙayar magarya da tsohuwar zana, muka kuma gina wa dabbobin garke mai ƙofa a kusurwar da ba ta da ruwa. Takinsu yana zuwa rami ya ruɓe, ganyen zogale da aka datse da 'ya'yan gawo suna komawa gare su.

Bayan rani biyu muka daina cika tulunan bedi da lalle da tsamiya, muka tone su muka kai wa sababbin dashe. Aikin da ya rage yanzu kaɗan ne: cika tulunan lemo da gwaiba da mangwaro, askin lalle da bugambil in sun yi yawa, gyaran kunya da yashe tanki kafin ruwa ya sauka, da yankan gamba da kaka. Ba mu ɗauki kowa aiki ba, kuma tun da aka gina tankin ba a sayi ruwan garuwa don itace ba. Da Yaya ya zo hutu a watan Mayu, a ƙarƙashin rumfar bugambil ya karɓi masu zuwa gaisuwa, ɗakin Hajiya kuma yanzu ana iya kwana a ciki ko wuta ta ɗauke.

Saura kusurwa ɗaya babu komai, gefen falalen dutse inda laima ta fi daɗewa. Dabino nake so a wurin. Baba ya hana ni shuka ƙwallo, ya ce kusan rabin abin da ya fito daga ƙwallo namiji ne, kuma sai an yi shekaru ana ba shi ruwa kafin a gane. Ya yi magana da wani mai garka a Gidimuni da zai cire mana ɗa daga gindin uwar da aka san 'ya'yanta, in ya yi nauyin da zai jure dashe. Ramin na nan mun haƙa, mun zuba taki, tulunsa biyu na ajiye a zaure.